Sanarwar Bayan Taron Hausawa Mazauna Belleville da Kewaye Kan Tabon da Korona Ta Bar Mana



Ranar Lahadin da ta gabata, tun bayan azahar har aka kira isha'i, ƙungiyarmu ta zumunci da asusun jana'iza ta yi zama na musamman a zauren da muka saba haya, jifa ɗaya daga tashar Couronnes, a unguwar Belleville ta birnin Paris. 'Yan'uwa 'yan asalin Damagaram da Maraɗi da Tawa da Dogon Dutsi sun halarta, haka na Kano da Katsina, da 'ya'yan zangon Kumasi da na Nima, da mutanenmu na Garwa. Wasu daga Montreuil suka taso, wasu daga Saint-Denis da Aubervilliers, 'yan'uwanmu na Guillotière kuma suka biyo jirgin safe daga Lyon. Karo na farko ke nan da kujerun mata suka kasa, har sai da samari suka miƙe.

Abin da ya tara mu wani saƙon murya ne da ya faɗo zauren WhatsApp na ƙungiya a farkon sanyin bana, daidai lokacin da hukumar inshorar lafiya ke aika wa 'yan shekara 65 zuwa sama takardar allurar mura. Mai maganar bai faɗi sunansa ba, bai faɗi garinsu ba, Hausarsa dai garau. Ya ce allurar dattawa dabara ce ta rage masu karɓar fansho, ta jarirai kuwa da ake yi a cibiyoyin kula da uwa da jariri na PMI ta kashe mahaifa ce. Kafin gari ya waye an sha baƙar magana, mutum biyu sun fice daga zauren, wani dattijonmu ya yaga takardarsa ya ɗauki hotonta ya turo. Da shugabanni suka zauna sai suka ga saƙon fami kawai ya yi, gyambon ya daɗe.

Kowa ya san inda ya samo asali. A ƙarshen 2021 aka yi wani suna a zauren haya, lokacin da doka ta ce ba mai shiga irin wannan wuri sai da shaidar allura ko ta gwaji, gwajin kuma tun 15 ga Oktoba an daina yi wa marasa allura kyauta. Aka tsayar da saurayi a bakin ƙofa, waya a hannu, yana duba lambar kowa. Wayar ta nuna ja a kan kawun mai jego, mutumin da ya yi mata walicci, don takardar gwajinsa ta wuce wa'adi. Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, ka yi haƙuri, ba ni ba ne." Kawu ya ajiye ƙunshin goronsa a dokin ƙofa, ya juya cikin yayyafi. Daga ranar gida biyu suka daina gaisawa.

Abin da ba a yi musu a kansa ba

Shugaba ya buɗe da cewa ba wanda za a kira jahili a zauren nan don ya yi shakka, domin shakkarmu ba daga sama ta faɗo ba. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganinsa Trovan a Asibitin Zana na Kano. Yara 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu, wasu suka nakasa, iyaye kuma suka ce ba a gaya musu gwaji ne ba. Kamfanin bai amsa laifi ba, amma a 2009 ya sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Wannan sunan ne a jikin kwalbar da aka ce mu miƙa wa dantse a 2021. Wani ɗan Fagge ya tuna wa taro cewa asibitin ma a kan titin da Kanawa ke kira France Road yake, aka yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

Ranar 1 ga Afrilun 2020, muna kulle a ɗaka, muka kalli manyan masana biyu, Jean-Paul Mira na asibitin Cochin da Camille Locht na cibiyar Inserm, suna hira a tashar LCI kan ko a gwada allurar BCG kan korona a Afirka, tunda can ba takunkumi, ba magani, ba ɗakin ceto. Mira ya nemi gafara, shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya, Tedros, ya kira maganar ragowar tunanin mulkin mallaka. Amma magana zarar bunu ce. Kafin a ɗauki azumi bidiyon ya shiga kowace waya daga Belleville har Tasawa.

Gwamnatin ƙasar nan ma ta yi wa mai ƙarya sharar fage. Ta rufe gidajen abinci daren 14 ga Maris, washegari ta kira jama'a rumfar zaɓen magajin gari, ranar 17 ta kulle ƙasa. Ta ce lafiyayye ba ya buƙatar takunkumi, har mai magana da yawunta, Sibeth Ndiaye, ta ce ita kanta ba ta iya sa shi ba, ashe a rumbu ne babu. Ba a rufa wata biyu ba ya zama wanda ya shiga metiro babu shi sai tarar yuro 135. Da tun farko an ce mana babu shi, ku ɗinka, ai muna da teloli. Sai Janairun 2022, Shugaba Macron ya gaya wa jaridar Le Parisien yana son ya takura wa marasa allura, da kalmar da ba za mu sa a takardar da iyayenmu za su ji ba. Matasan da aka haifa a nan suka ƙara da nasu: maganin Mediator da aka sayar daga 1976 zuwa 2009 yana lalata zuciya, har kotu ta hukunta kamfanin Servier a 2021, ta kuma ci tarar hukumar kula da magunguna ita kanta saboda sakaci, da gubar chlordécone da aka yi ta zuba wa gonakin ayaba a Guadeloupe da Martinique har 1993, wadda yau take jinin fiye da kashi 90 cikin 100 na manya a tsibiran. Ba baƙi kaɗai aka taɓa yaudara a ƙasar nan ba.

Amma da magana ta koma ɓangaren mata sai aka gane ba Kano ce ke cin ranmu ba, ba kuma talabijin ba. Mamatanmu ne. Daga farkon Afrilun 2020 doka ta hana wanke duk wanda ya rasu da cutar ko ake zargin ita ce, ta ce a rufe shi a akwati nan take. Nijar da Najeriya sun rufe filayen jirginsu tun Maris, ba halin kai gawa gida, alhali don haka aka kafa asusun nan tun farko. Mutum 20 kaɗai aka yarda su raka. Malamin da ya fi shekara talatin yana wanke mana mamata ya ba da labarin safiyar da ya tsaya a maƙabartar Thiais gaban akwatin abokinsa, wanda suka zauna ɗaki ɗaya a gidan ma'aikata baƙi tun suna samari. Likkafanin da mamacin ya sayo da kansa daga Makka yana jakar Malam, a ninke, ba a bari an sa masa ba. Wani yaro ya ɗaga waya sama don iyali su gani daga Maraɗi. Uwargidan mamacin ta ce daga cikin wayar, "Allah gafarta Malam, ka ga fuskarsa?" Malam ya ce wa taro, "Na yi shiru. Ta sake tambaya. Na ce ban gani ba, Hajiya."

Daga wannan "ban gani ba" ne duk sauran suka tsiro: wai ba gawar ce a ciki ba, wai an cire ƙoda, wai asibiti kuɗi ake biyansa kan kowace gawar da ya rubuta wa korona. Taro bai gaskata ko ɗaya daga ciki ba. Ya dai fahimci cewa mutumin da aka hana ya ga mamacinsa, zuciyarsa ce za ta zana masa abin da ke cikin akwatin.

Inda aka daɗe

Mafi yawan lokacin taro a kan kalma biyu ya tafi: jiki magayi.

Wani direba, ɗan Tawa, ya miƙe ya bugi ƙirji. Ya ce duk kullen nan shi bai kwana gida ba, ya ɗauki masu tari, ya ɗauki ma'aikatan asibiti, ko atishawa bai yi ba. Allura sai da aka matsa masa da batun aiki ya yi, ita ce ma ta kwantar da shi kwana biyu. "Ni ne hujja," in ji shi, "ba wani likita da ya fi ni sanin jikina." Wani kuma ya ce shi ta kama shi, ƙamshi ya ɗauke masa, ya dafa tazargade da citta da lemon tsami ya yi sirace, kwana biyar ya miƙe.

Sai wata 'yar'uwa mai aikin shara a ofisoshi, wadda ba ta taɓa magana a taro ba, ta nemi a ba ta dama. Ta ce bayan allura ta biyu al'adarta ta rikice, jini ya yi ta zuba wata da watanni, har ta kasa gane ranakun sallarta. Ta je wurin likita, ɗanta namiji ɗan shekara goma sha uku ne tafinta, ta ma kasa faɗin rabin maganar. Likitan bai ɗago daga kwamfuta ba ya ce damuwa ce. Ta ce, "Tun ranar, duk wanda ya ce mini likita ya ce, sai in ji kamar ya zage ni."

Ɗiyarmu ma'aikaciyar jinya, wadda aka haifa a unguwar nan kuma ta yi aikin dare a ɗakin masu korona tun zuwan farko, ita ta amsa, kuma da Innar ta fara. Ta ce, "Inna, gaskiyarki ce, likitan ne ya yi kuskure." A watan Oktoban 2022 hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta sa yawan zubar jinin al'ada cikin illolin allurar Pfizer da ta Moderna. Abin da ya kai ta ga haka shi ne mata irin Inna, dubbai, waɗanda aka rubuta ƙorafinsu aka tara wuri ɗaya. Haka aka gano kumburin zuciya ga wasu samari, har Faransa ta ba da shawara a Nuwamban 2021 kada a yi wa 'yan ƙasa da shekara 30 Moderna. Haka aka dakatar da AstraZeneca ranar 15 ga Maris 2021 saboda daskarewar jini, da aka dawo da ita kuma sai 'yan 55 zuwa sama. Jikin Inna bai yi ƙarya ba. Abin da ya rasa shi ne wanda zai rubuta.

Sa'an nan ta juya ga direba. Ta ce, "Baba, kai ma jikinka bai yi ƙarya ba. Amma labarinka kaɗai ya sani, bai san na maƙwabcinka ba." Mafi yawan waɗanda cutar ta kama warkewa suke yi, da magani ko babu, don haka duk abin da mutum ya sha a kwana na huɗu shi zai ci yabo a kwana na biyar. Wanda ya sha tazargade ya tashi yana nan yana ba da shaida. Wanda ya sha bai tashi ba, bai zo taro ba.

A nan Ma'aji ya buɗe littafin asusu, mai baƙin bangon nan da kowa ya sani. Bai yi jawabi ba. Ya nuna shafin da kan ɗauke mu shekara bai cika ba, wanda ya cika tsakanin Maris da ƙaramar sallar 2020, ya karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya da garin kowa. Aka yi musu addu'a. Zaure ya yi tsit har ana jin wucewar metiro.

Direba bai sauka ba, kuma Sakatare yana ganin ya kyauta da bai sauka da wuri ba, don tambayarsa tana bakin mutane da yawa. Ya ce, "Ma'aji, na san su, da hannuna na sauke biyu a kabari. Amma wa ya ce korona ce? Ai mai hawan jini ma korona aka rubuta masa." Ɗiyarmu ta ce to a ajiye sunan cutar gefe. Hukumar ƙididdiga ta INSEE ba ta dubi abin da likita ya rubuta ba, mamata kawai ta ƙirga, na Maris da Afrilun 2020, ta gwada da na watannin a 2019. Waɗanda aka haifa a Faransa mutuwarsu ta ƙaru da kashi 22 cikin 100. Waɗanda aka haifa a Afirka, ban da ƙasashen Magrib, ta ƙaru da kashi 114. Mu ke nan. A lokacin da muke tura wa juna cewa ba ta kama baƙar fata, mu ta fi ɗiba, don mu ne masu shara da gadi da dakon kaya da kicin, mu ne cikin jirgin asuba sa'ad da wasu ke aiki daga falonsu, mu ne huɗu a ɗaki. A Kano ma masu haƙar kabari ne suka fara kuka a Afrilun 2020, ana tsakiyar "babu korona", kafin ministan lafiya Osagie Ehanire ya fito a watan Yuni ya ce mutum 979 ne suka rasu, kuma kashi 50 zuwa 60 ana jin cutar ce. Mai haƙar kabari bai karanta likitanci ba, amma ba jiki ɗaya yake gani ba.

An taɓo likitan nan Didier Raoult, wanda har yau wasu dattawanmu ke ambata da girmamawa. Dalilin a fili yake. A Dakar aka haife shi, ya yi magana kamar mai raina manyan Paris, maganin da ya ɗaga kuwa ɗan'uwan kulorokwin ne, Nivaquine ɗin da muka sha tun muna yara, muka san ɗacinsa da ƙaiƙayinsa. Abin da ka sani ya fi kwanta maka a rai. Sai dai bincikensa na Maris 2020 marasa lafiya 36 ne kacal. Da Ingila ta gwada a kan dubbai cikin binciken RECOVERY, ba a ga ya hana mutuwa ba, mujallar da ta buga aikinsa kuma ta janye shi a Disamban 2024. Masu cewa an danne shi ne don yana da arha, taro ya roƙe su su duba wannan: binciken da ya kayar da shi, shi ne a watan Yunin 2020 ya ɗaga dexamethasone, tsohon magani mai arhar gaske, wanda ya rage mutuwar waɗanda ke kan injin numfashi da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Tawagar Lyon ta zo da nata. A unguwar Gerland ta birninsu akwai ɗakin binciken ƙwayoyin cuta masu haɗari mai sunan Jean Mérieux, kuma gaskiya ne Faransa ta taimaka wa Sin gina irinsa a Wuhan bisa yarjejeniyar 2004. A kan wannan tubali ɗaya majalisar dandalin Gabriel-Péri na Guillotière ta gina bene. Taro bai ga hurumin ƙungiyar jana'iza ba a gardamar asalin cutar, wadda masana da hukumomin leƙen asiri ke kai har yau. Ya dai tuna da bidiyon nan na mutumin da ya ɗaga takarda ya ce cibiyar Pasteur ce ta ƙera ƙwayar. Takardar ta 2004 ce, kan cutar SARS ta 2003, kuma kotu ta same shi da laifin ɓata suna. Bidiyon kowa ya tura mana. Hukuncin ba wanda ya turo.

Zancen kashe mahaifa kuwa wata Hajiya 'yar Kano ce ta gama da shi. Ta ce wannan magana ta girmi korona, ita ce ta 2003, lokacin da gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da ɗigon shan inna bayan su Dakta Datti Ahmad sun yi zargi. An dawo da ɗigon a Yulin 2004, da maganin da aka sayo daga Indonesiya, amma cutar ta ci gaba da bazuwa har ta kai ƙasashe kusan 20. "To 'yan matan da aka ɗiga wa a 2004," in ji ta, "su ne yanzu suke hana mu ajiyar kuɗi, kowane wata sai an aiko ana suna." Zaure ya ɗauki dariya, har direba. Wani malami ya ƙara da cewa abin lura a labarin shi ne yadda aka warware shi. Zagi bai yi aiki ba. Sarakuna da malamai ne suka shiga, irin su Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, mutanen da jama'a ta san fuskarsu, har ranar 25 ga Agustan 2020 aka bayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji. Ya kuma tambaya: cikinmu wa ya taɓa barin kujerar Makka saboda allurar sanƙarau, ko ya fasa zuwa gida saboda katin shawara? Ba wanda ya ɗaga hannu. Ya tuna cewa Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji labarin annoba, ba kuma wanda ya isa ya ce imaninsa ne ya yi rauni.

Matsayar taro

Ƙungiya ba asibiti ba ce, ba kuma ofishin 'yan sanda ba. Ba za ta tilasta wa kowa allura ba, ba za ta tambayi kowa ko ya yi ba, kuma haƙƙin kowa a asusun jana'iza ba ya taɓuwa saboda wannan.

Daga yau duk saƙon lafiya da za a turo zauren ƙungiya sai an san mai maganar da inda yake. "An ce wani likita a Amurka" ba suna ba ne. Wanda ya turo marar asali ba za a kore shi ba, ba kuma za a kunyata shi a bainar jama'a ba, kiransa za a yi a waya. An kafa kwamitin mutum uku da zai riƙa bin diddigi ya dawo da amsa cikin Hausa, a muryar da aka sani: ma'aikaciyar jinya, da Malam, da direba. Wasu sun yi ƙorafin sa direba, suka ce an ba kura ajiyar nama. Rinjaye ya tafi a kan cewa masu shakka ba za su saurari kwamitin da babu nasu a ciki ba, kuma tambayoyinsa ne suka fito da rabin abin da aka ƙaru da shi ranar Lahadi.

Duk wanda allura ko magani ya yi wa illa, kada ya tsaya ga ba da labari a majalisa. Ma'aikatar lafiya tana da shafin kai rahoton illa wanda mara lafiya kan cike da kansa, akwai kuma hukumar ONIAM mai biyan diyya. Ɗalibanmu sun ɗauki nauyin cikewa. Mata uku sun ba da sunansu don rakiya da tafinta, domin taro ya hana a ƙara sa yaro ya fassara wa mahaifiyarsa abin da kunya ba za ta bari ta faɗa a gabansa ba. Rahoton Innar da ta yi magana shi za a fara cikewa, ko da ya makara.

Ba wanda ya hana shan tazargade ko citta. Amma kada a ajiye maganin hawan jini ko na suga dominsu, kuma a gaya wa likita abin da ake sha. Idan numfashi ya sarƙe a kira lambar gaggawa ta 15, kada a jira gari ya waye. Marasa takarda su sani likita ba ya kai rahoto ga 'yan sanda, akwai tallafin magani na AME ga wanda ya cika wata uku a ƙasar, akwai kuma sashen PASS mai duba marasa hali a manyan asibitoci. Taro yana kira ga majalisar ƙasar nan da kada ta sake ɗauko abin da majalisar dattawa ta gwada a Nuwamban 2023 na soke AME. Mutumin da aka kora daga ƙofar asibiti wurin mai saƙon murya zai koma.

Iyaye masu kai yara gida hutun bazara su duba littafin lafiyar yaro tun kafin a yanki tikiti. Mashaƙon da ya yi ƙamari a 2023 Kano ya fi yi wa ɓarna, kuma yaran da ba a yi wa rigakafi ba ya fi kamawa.

Kan jana'iza, an ɗora wa Malam ya zauna da limaman unguwa su rubuta, tun ana zaune lafiya, abin da shari'a ta sauƙaƙa idan aka sake hana wanka. Ƙungiya za ta rubuta wa ofishin magajin gari neman ƙarin fili ga musulmi a maƙabartu, da neman a bar ɗan'uwa ɗaya ya ga fuskar mamaci kafin a rufe, ko ta bayan gilashi ne. Kowane ɗan asusu kuma zai rubuta wasiyya a kan inda ya yarda a binne shi idan hanya ta rufe.

Ga gwamnatocinmu na gida magana ɗaya ce. Kayan tallafin da aka tarar a jibge a rumbuna a Oktoban 2020, da allura fiye da miliyan ɗaya da Najeriya ta lalata a Disamban 2021 don an ba ta su dab da lalacewa, sun yi wa rigakafi illar da ba mai saƙon muryar da ya yi. Masu bayarwa da masu karɓa duk suna da kaso.

Abu ɗaya ba a daidaita ba, kuma an ce a rubuta shi haka. Wasu suna ganin dokar shaidar allura zalunci ce, suna kafa hujja da ma'aikatan lafiyar da aka dakatar ba albashi daga Satumban 2021 har Mayun 2023, cikinsu har da 'yar ƙungiyar nan, wadda aka tafa wa da ƙarfe takwas na dare a 2020. Wasu suna ganin ƙasar da ta binne fiye da mutum 160,000 ba ta da wata hanya. An yi ta ja har lokacin zaure ya kusa ƙarewa, Shugaba ya rufe babin.

Kafin addu'ar tashi, mahaifin yarinyar da aka yi wa suna a 2021 ya taso ya durƙusa gaban Kawu ya nemi gafara. Kawu ya ce ya yafe, kuma saurayin da ya riƙe waya ba shi da laifi, laifin na manyan da suka tsayar da yaro ya tare babba ne. A kan haka taro ya yanke cewa idan irin wannan doka ta sake zuwa, dattijo ne zai tsaya a ƙofa, asusu kuma zai biya kuɗin gwajin duk wanda ba shi da hali. Dattijon da ya yaga takardarsa bai ce zai yi allura ba. Ya dai ce wa ɗiyarmu, "'Yata, ranar Talata in an ci kasuwa ki raka ni kantin magani, ina da tambaya uku." Ta ce, "To, Baba."

Taro na gaba a Lyon za a yi shi, bayan ƙaramar salla, in Allah ya kai mu. Ƙungiya tana godiya ga matan da suka yi tuwo da kilishin da tawagar Guillotière ta kawo. Ma'aji yana tunatar da masu bashin wata uku zuwa sama su neme shi kafin ƙarshen wata. Wanda ya bar baƙar laima a zaure, tana wurin Sakatare.

Sa hannu:
Shugaba
Sakatare
Jagoran tawagar Lyon